Wurin sikanin da lab ɗin da muka kai ƙanwata: abun da na gani

Ƙanwata sikila ce, to duk ciwon da ya taso mata sai a ce ai sikilar ce, ko kuma olsa. Wata biyar muna sayen maganin olsa a kemis, da ta ci awara ko soyayyen nama sai ciwo ya turnuƙe ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama har ya haura kafaɗa, ga amai. Da idonta ya ƙara rawaya fitsari ya koma kamar shayi ba madara, Umma tace shawara ce a nemo saiwa. Likita dai ya danna mata wajen yace ja numfashi, ta kasa ƙarasawa don zafi, nan take ya rubuta mana sikanin da gwajin hanta.

Wurin da ya tura mu a Kano yake, ba zan kama suna ba don akwai inda zan yi ƙorafi. Ranar farko mun yi zaman awa uku a benci, sai da layi ya zo kanmu wata ma'aikaciya tace "Malam ta ci abinci?" Eh mana, ta sha koko da ƙosai. Ashe sai an yi awa 6 zuwa 8 ba a ci komai ba, saboda da abinci ya shiga matsarmama take matsewa ta zubar da ruwanta, ba za a ganta da kyau ba. To wa ya faɗa mana? Ko takarda ɗaya a bango ba su manna ba wallahi. Kuɗin adaidaita ya tafi a banza.

Washegari dai an yi, kuma mai sikanin ɗin ya san aikinsa, ya juyo mana da allon ya nuna tsakuwoyi a cikin matsarmamarta da inuwarsu a baya. Shi ya fahimtar da ni cewa hanta ce ke yin ruwan nan mai ɗaci, matsarmama ajiya kawai take yi, kuma a cikinsa akwai gishirin da ke narkar da maiƙo, da kwalastaral, da bilirubin wanda ke fitowa daga jajayen ƙwayoyin jini idan sun mutu. Idan kwalastaral ya yi yawa tsakuwar kan fito rawaya. Su kuwa masu sikila ƙwayoyin jininsu basa kai kwana 120 ɗin da na sauran mutane ke yi, suna saurin fashewa, bilirubin ya taru, sai tsakuwar ta fito baƙa. Haka kuwa aka yi, bayan tiyata aka miƙo min su a 'yar kwalba, baƙaƙe ƙanana kamar masoro. Ita kuma tana farfaɗowa tace "Yaya ka ajiye min in nuna wa Umma saiwarta."

Amma inda lab ɗin ya ci kuɗinsa shi ne ruwan matsarmamar da likitan tiyata ya zuƙo a sirinji ya bani in kai musu da gaggawa. Ni a raina nace an riga an cire abu, gwajin me kuma. Zazzaɓi ya ƙi sauka kwana biyu duk da allurai, a rana ta uku sakamako ya fito: ƙwayar cutar E. coli ce ta tsiro a ciki, kuma sun jera magungunan da ke kashe ta da waɗanda ta fi ƙarfinsu. Wanda ake mata yana cikin waɗanda basa yi. Aka canza, jiki yayi sanyi.

Sakamakon ma sai da na yi sawu biyu, sun ce za su turo ta WhatsApp basu turo ba, wayar ofis ɗin kuma ba a ɗagawa. Bayi babu ruwa. Amma idan aka sake bani takardar gwaji gobe can zan koma, sai dai zan tambayi komai tun daga ƙofa, kuma in tafi da butata.