Faifan fiyezo ko tsohuwar dabarar ɗigo?

A Ringim, in injin niƙa ya fara baƙin hayaƙi, bakanike kan duba lokacin da famfo ke tura gas zuwa nozul. Tsohuwar hanya ita ce ɗigo: a kashe inji, a kwance bututu, a juya fulawil da hannu, ana lura da inda man ya daina ɗiga, a gwada da alamar jikin fulawil. Sifana da ido kawai take buƙata, amma injin a kashe yake.

Ɗaya hanyar, ka ciro ƙaramin faifan fiyezo (faifan da ke ba da 'yar wutar lantarki in an matsa shi) daga lalataccen agogo mai ƙararrawa, ka manna shi da gam a jikin bututun ƙarfen da ke kai mai nozul. Duk turowar mai, bututun kan kumbura kaɗan, faifan ya ba da 'yar wuta, Arduino, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, ya ƙirga. Inji mai bugu huɗu da ke juyi 1500 a minti zai ba ka turowar mai 750 a minti a kowace silinda. Matsalarsa jijjiga: injin niƙa na girgiza kamar mai zazzaɓi, faifan kuwa komai ya ji sai ya kai rahoto. Ga zafi na ɓamɓare gam.

Saitin famfo dai na bar wa ɗigo. Fiyezo ya fi kyau wajen gano silindar da ke fashin aiki inji na tafiya.