Sharhi kan In a Dark, Dark Wood na Ruth Ware: inda ya riƙe mai karatu da inda ya sake shi

Littafin nan ya fito a 2015, kuma shi ne na farko da marubuciyar Ingila Ruth Ware ta rubuta don manya. Kafin shi littattafan matasa take yi da sunan Ruth Warburton. Shafi 300 ne da ɗoriya, gwargwadon bugun da ya zo hannunka, babukansa gajeru, Turancinsa kuma ba mai sa a riƙa buɗe ƙamus ba ne. Mai saurin karatu zai gama shi a dare biyu. Tun fitowarsa kan masu karatu ya rabu: wasu sun ce ya hana su barci, wasu sun ce tun kafin rabi suka gane mai laifi, saura duk jiran gawon shanu ne. A ganina kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, domin kowanne wani yanki dabam na littafin yake aunawa.

Ga yadda aka kafa tarkon. Nora, marubuciyar labaran kisa mai shekara 26 da ke zaune ita kaɗai a Landan, ta samu saƙon gayyata zuwa shagalin ƙawayen amarya na Clare, aminiyarta ta makaranta wadda rabonta da ita shekara 10. A Ingila wannan shagali kan ɗauki ƙarshen mako guda, ƙawaye su kama gida a wani wuri, a ci a sha a yi wasanni kafin ranar aure. Ya ɗan yi kama da zaman ƙawaye a gidan lalle, sai dai babu gwaggo ko uwar ɗaki da za ta tsawatar. Abin da ya kamata ya tsaya wa Nora a rai shi ne an gayyace ta shagali amma ba a gayyace ta bikin ba. Sai da ta isa ta ji dalili: angon James ne, saurayinta na ƙuruciya.

Wurin shi ne babban jarin littafin. Gida ne na gilashi da ƙarfe, mallakar gwaggon Flo (Flo ita ce ƙawar Clare da ta shirya taron), a cikin dajin Kielder da ke Northumberland, dab da iyakar Sikotilan. Dajin na gaske ne, shuka shi aka yi, kuma yana cikin mafiya girma a Ingila. Yankin ya yi suna da duhun dare har masu kallon taurari na zuwa takanas. A watan Nuwamba, lokacin da labarin ya faru, rana kan faɗi a can wajen ƙarfe 4 na yamma. To ka haɗa wannan da bangon gilashi marar labule. Duk wanda ya taɓa kunna fitila a ɗaki da dare ya san abin da ke faruwa: tagar takan koma madubi, kai kanka kake gani, na waje kuwa yana ganinka tar. Marubuciyar ta yi aiki da wannan sosai, ta mai da gidan kamar dandalin wasan kwaikwayo, itatuwa su ne 'yan kallo. Yawancin waɗanda suka ce littafin ya tsorata su, wannan suke nufi.

Sannan ta bi hanyoyin tsira tana toshewa ɗaya bayan ɗaya. Babu sabis na wayar hannu sai a ɗan wani lungu, shi ma sai an yi sa'a. Wayar girke ta mutu. Hanyar shiga gidan ramuka ce. Dusar ƙanƙara ta sauka, aka ga sawun ƙafa a kanta da babu wanda ya amsa nasa ne. A bangon falo akwai bindigar farauta da aka ce harsashin cikinta ƙara kawai yake yi, ba shi da dalma. Da rana an kai baƙin filin koyon harbi, wato kowa ya san yadda ake riƙe bindiga ke nan, kuma akwai inda za a samu harsashi na gaske. Da dare aka yi wasan allon kiran ruhohi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tsohon kayan aiki ne a irin wannan adabi, babu sabo a ciki, amma an jera su a kan lokaci, ba a tula su wuri ɗaya ba.

Inda na fi yaba mata ma ba wajen tsoro ba ne. Ta iya zana takurar zama da mutanen da ba ka zaɓa ba. Flo tana son Clare so mai kama da ciwo, tana kwaikwayon suturarta, kuma duk wanda ya ƙi shiga wasa sai ta fashe da kuka ko masifa don an ɓata wa Clare shagali. Nina likita ce mai baki kamar reza, ita ce ke sa dariya. Tom marubucin wasan kwaikwayo ne, shi kaɗai ne namiji. Melanie ta baro jariri a gida, hankalinta duk yana kan waya. Har ƙaramin abu irin rashin kofi a gidan, alhali Nora ba ta shan shayi, an saka shi da gangan don ya ƙara mata ƙunci, kuma zai dawo daga baya. Wanda ya taɓa kwana a gidan biki cikin ƙawayen amarya na makaranta da na unguwa da na wurin aiki, kowace ƙungiya na ganin ita ce ta kusa, zai gane wannan iska nan take.

Yanzu ga ƙorafin da ya fi yawa, cewa mai laifi a fili yake. Wannan lissafi ne kawai. Mutum 6 suka kwana a gidan daren farko. Melanie ta tafi da wuri saboda jaririnta, saura 5. Cire mai ba da labari, saura 4. Cikin huɗun nan, biyu ba su da wata tsohuwar ƙullalliya da za ta kai ga jini, ɗaya kuma an yi ta nuna ta da yatsa har mai karatu ya san ruɗu ne. Wa ya rage? Agatha Christie, wadda ake yawan kwatanta Ruth Ware da ita, mutum 10 ta zuba a tsibiri a littafinta na 1939, And Then There Were None, kuma kowannensu da jini a hannunsa. Da mutum 4 ba za ka iya ɓoye kowa na tsawon shafi 300 ba. Saboda haka wanda ya shigo don wasan canke zai fita da yunwa. Tambayar da littafin ya fi iya riƙewa ita ce yaya aka yi, kuma me ya sa sai yanzu bayan shekara 10.

Talla ma ta ja masa. Ya fito a shekarar da littafin The Girl on the Train ke tashe, littafin Gone Girl kuma bai huce ba, aka riƙa ajiye shi a layinsu. Masu karatu suka zo da tsammanin mai ba da labari mayaudariya da juyin da zai kifar da komai. Nora ba mayaudariya ba ce, mai ɓoye magana ce kawai, kuma bambancin yana da girma.

Wannan ya kawo mu ga zubi da tsari, inda nake ganin aibin gaske yake. Labarin yana tafiya a zare biyu: Nora kwance a asibiti da rauni a ka, ɗan sanda a bakin ƙofa, ba ta tuna abin da ya faru ba, sai kuma waiwaye zuwa kwanakin gidan gilashi. A rabin farko dabarar tana aiki, domin duk lokacin da aka koma asibiti kana ƙara sanin cewa wani ya mutu ba ka san wa ba. Da zarar zaren biyu sun haɗu, aka san wanda aka harba, sai motar ta tsaya. Babi bayan babi Nora na kan gado tana tambayar kanta tambayoyin da ta riga ta yi, jami'ar 'yan sanda na shiga tana fita. Gaskiya ne bugun kai yana goge tunanin abin da ya faru dab da haɗari, kuma sau da yawa wannan ɗan yanki ba ya dawowa har abada. A nan kuwa yana dawowa gutsure-gutsure daidai lokacin da marubuciyar ke buƙata. Da an rage shafi 40 a wannan yanki, da babu abin da aka rasa.

Sai ƙorafi na biyu, cewa ba ya shiga hankali mace mai shekara 26 ta kasa mance saurayin da suka rabu tana 16. A nan ban bi masu ƙorafin ba, amma na san abin da ya jawo. Marubuciyar ta riƙe ainihin abin da ya faru tsakaninsu har kusan ƙarshe, tana ta cewa akwai wani abu ba ta faɗa. Mai karatu ya yi shafi 200 yana ganin shirme ne na soyayyar sakandare, ya riga ya tsani Nora, kafin a gaya masa nauyin abin. Lokacin da bayanin ya zo, ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Da an faɗa tun a kashi na farko, tausayi zai maye gurbin haushi, kuma asirin kisan ba zai ragu da komai ba.

Wanda bai karanta ba ya tsallake sakin layi biyu masu zuwa, zan taɓa ƙarshe.

Makullin labarin suna ne. Tauraruwar sunanta Leonora, kuma kowa da yadda yake yanka shi: a yanzu Nora take amsawa, Clare da 'yan makaranta Lee suke ce mata, James kuwa Leo. Saƙon wayar da ya kashe soyayyarsu shekara 10 baya, lokacin da ta gaya masa tana da ciki, da Lee ya fara. James bai taɓa kiranta haka ba. Wannan shaida ce mai tsabta, an ajiye ta a gaban mai karatu tun farko, ana ta nanata yadda Nora ke gyara wa mutane sunanta har ka ɗauka tsiwa ce. Irin wannan ne ake kira adalci ga mai karatu, kuma shi ne abu mafi kyau a littafin. Mu da ake sanin matsayin mutum a wurinka daga sunan da yake kiranka, na yanka ko na gida ko alkunya, za mu fi saurin jin daɗinsa. Tambayar da ta rage ita ce yadda mai rubuta labaran bincike ta yi shekara 10 ba ta lura ba.

Shirin kisan kansa kuwa ya yi yawan dogaro da sa'a. Sai an sauya harsashi ba wanda ya gani, an ɗauke wayar Nora an tura saƙonni a wurin da sabis ke wuya, James ya yarda ya taho cikin dare, ya shigo ta ƙofar da aka bari, mutanen gida su firgita daidai gwargwado, bindiga ta tashi, kuma ta same shi. Mataki 7 ke nan, ɗaya ya kuskure shiri ya rushe. Sannan Nora ta sulale daga asibiti da rauninta, ta koma gidan da aka yi kisa ita kaɗai cikin dare, ta karɓi shayi daga hannun wadda ya kamata ta fi tsoro. A nan ne masu karatu da yawa suka ajiye uzuri, ni ma ban ga abin kare ta da shi ba.

Ga mai niyyar saye: akwai shan giya da hodar ibilis, zagi jefi-jefi, maganar zubar da ciki, da wasan kiran ruhohi, don haka ba na miƙa wa 'yan ƙasa da shekara 18 ba ne. Jini bai yi yawa ba, wuri ɗaya ne. Akwai shi a sauti da muryar Imogen Church, sama da awa 9, kuma ta fito da Flo fiye da yadda takarda ta yi, sai dai jan ƙafar asibiti ya fi damu a kunne tunda ba ka iya tsallake shafi da ido. Cikin 5 na ba shi 3 da rabi: 4 da rabi ga kwanakin gidan gilashi, 2 ga gadon asibiti.