Gidan abincin da Baba Fasto ke zuba wa mutane ruwan wanke hannu

Wata malama a makarantarmu ce ta fara ba ni labarin wurin. Ta ce in gwaten acca nake so irin na gida, in bi hanyar Rukuba daga Gada Biyu a nan Jos, zan ga wata rumfar kwano da benci huɗu a gabanta. Ba allo, ba suna. Mutanen unguwa "wurin Baba Fasto" kawai suke cewa. Sau biyar ke nan ina zuwa cikin wata biyu.

Gwaten dai ya amsa sunansa. Mama, mai girkin, ba ta ƙyashin yakuwa da gauta, ga alayyahu, ga ƙashin da ya dahu har ana tauna shi. An wanke accar sosai, ban taɓa jin tsakuwa ko ɗaya a haƙorina ba, kuma duk wanda ya san acca ya san wahalar da ke cikin rairayarta. Akwai tuwon acca da miyar karkashi, ranar Asabar kuma masa da miyar taushe. Kunun tamban yana da kauri, sai dai sukarin ya ɗan yi mini yawa. Kuɗin bai kai na gidajen abincin Terminus da ke tsakiyar gari ba.

Mai gidan tsohon fasto ne na cocin ECWA, ya yi fiye da shekara 30 yana hidima a ƙauyuka kafin ya yi ritaya. Ranar farko ina zama sai ga shi tafe da buta a hannu ɗaya, daro a ɗayan, tawul a kafaɗa. Dattijo ne sa'an mahaifina, furfura ta gama kansa. Na yi zumbur na miƙe.

"Haba Baba, ai ni ya kamata in zuba maka."

Ya ce, "Zauna, ɗana, miƙo hannunka. Bitrus ma sai da ya yi gardama."

Na miƙa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Mu da aka yi wa tarbiyyar yaro ne ke durƙusawa ya zuba wa babba ruwa, abin ya yi mini nauyi ƙwarai. Tun ina makarantar Lahadi nake jin Bisharar Yahaya sura 13, yadda Ubangiji Yesu ya tashi daga cin jibi, ya yi ɗamara da mayafi, ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na Yahuza da zai bashe shi. Na sha koyar da wannan sura a ajin matasa. Amma sai ranar nan na gane abin da ya sa Bitrus, almajirin Yesu, ya ƙi a wanke masa ƙafa da farko. Barin wanda ya fi ka ya yi maka bauta yana karya girman kai fiye da yadda na zata. Luka 22 ma ya nuna a wannan daren almajiran suna musu kan wane ne babba, Yesu ya tambaye su wa ya fi, mai zama cin abinci ko mai hidima, sa'an nan ya ce shi yana cikinsu kamar mai hidima.

Da farko na yi zaton ko dabarar jawo ciniki ce, don haka na sa ido. Yadda ya zuba mini haka yake zuba wa mai turin baro da direban keke. Almajiri ya zo da robarsa, bai bar shi tsaye a bakin hanya ba, ya zaunar da shi a benci, ya wanke masa hannu shi ma. Wata rana ɗaya daga cikin 'yan matan da ke aiki ta saki tire, faranti biyu suka fashe. Kafin ta gama rawar jiki Baba ya riga ya tsuguna yana tsince gutsattsarin, abin da kawai ya tambaye ta shi ne ko ta yanke. Yaran sun ce ba ya cin nasa abincin sai sun ci. Kuma abin ya bi su: ba wadda za ta dangwara maka kwano ta wuce.

Naman ma wurin mahauci Musulmi yake saye, don kowa ya ci da kwanciyar rai. Wanda ya ga abin da rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 suka yi wa Jos, yadda unguwanni suka rabu har wasu na tsoron tsallaka titi, zai fahimci abin da na ji da na ga mai hula da carbi da mai Littafi Mai Tsarki a hammata suna benci ɗaya.

Ni mataimakin shugaban makaranta ne. Mu masu bi mun iya wa'azin tawali'u, amma da an ba mutum ƙaramin muƙami, a ofis ko a majami'a, sai ya fara neman mai riƙe masa jaka. Tun zuwana na biyu nake kama benci tare da ɗalibai ranar taron iyaye, kuma na lura aikin ya fi sauri in malami yana ciki.

Wurin yana da nasa aibu. In mutane sun yi yawa za ka jira, domin Baba ba ya yarda wani ya karɓi butar, ƙafarsa kuma ba ta sauri. Rumfar tana yoyo ta gefe ɗaya da damina. Ba sa karɓar kati, sai tsabar kuɗi, kuma wurin Mama ake biya. Ranar Lahadi a rufe yake, suna sujada.

Gwaten yakan ƙare kafin ƙarfe biyu, don haka a je da wuri. In ka ga dattijon ya nufo ka da buta, ka gaishe shi da kyau, ka miƙa hannu.