Kayan fatsar ƙwaron gashi a baje kolin Maraɗi: sanda da jifa sun yi, akwatin ƙwari bai dace da ruwanmu ba

A cikin rumfunan baje kolin kayan noma da kiwo da aka yi a Maraɗi a hunturun da ya wuce, akwai wata ƙaramar rumfar kayan su wadda ta kawo abin da masuntanmu ba su saba gani ba. Rabin rumfar kayan da kowa ya sani ne, wato raga da birgi da ƙugiyoyin mamari a kwali da dalma da zaren nailan. Ɗaya rabin kuwa an keɓe shi ga wata irin fatsa da ba a ɗana mata tana ko wani koto mai rai, sai dai a ɗaura gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har su yi kama da ƙwaro, kifi ya gani ya ɗauka abinci ne. Na sayi cikakken saiti guda a wurin, na yi aiki da shi a tabkin Madarumfa tun daga sanyi har zuwa shigowar bazara, kuma abin da na gani shi ne zan bayyana a nan, game da kayan da kuma hidimar mai sayar da su.

Wajibi ne mai saye ya fahimci yadda wannan fatsa take aiki kafin ya fitar da kuɗinsa, domin ta saɓa wa wadda muka gada. A fatsarmu nauyin dalma da na koto ne yake jan zare zuwa cikin ruwa. A wannan kuwa ƙwaron ba shi da nauyin da za a iya jefawa, saboda haka igiyar ce aka yi mai kauri da nauyi, ita ake kaɗawa gaba da baya a cikin iska har ta miƙe, sannan ta sauke ƙwaron a hankali a kan ruwa. Tsakanin igiyar da ƙwaron akwai siririn zaren nailan wanda yake ƙara sirancewa zuwa ƙarshensa, don kada kifi ya ga abin da ya riƙe ƙugiyar. Masu ƙera waɗannan kaya a Amurka sun tsayar da ma'auni tun farkon shekarun 1960, inda ake auna nauyin ƙafa 30 na farkon igiya, kimanin mita 9, a ba ta lamba. Igiya mai lamba 5 tana da nauyin kusan giram 9 a wannan tsawon, mai lamba 8 kuma ta haura giram 13, kuma dole lambar sanda ta yi daidai da ta igiya, in ba haka ba jifa ba zai yi kyau ba.

Duk wannan mai rumfar ya bayyana shi ba tare da gajiyawa ba, kuma a nan ne ya cancanci yabo. A manyan baje kolin irin waɗannan kaya, kamar wanda ake yi a birnin Orlando na Amurka a watan Yuli, akan tanadi wurin ruwa inda mai saye zai gwada sanda kafin ya biya. Shi ba shi da wannan gata, amma ya share fili a bayan rumfa, ya ajiye faifai a ƙasa can nesa, ya ɗaura guntun ulu a madadin ƙugiya, ya ce duk mai sha'awa ya gwada. Da na karɓi sandar na fara kaɗa ta da dukkan ƙarfina, sai ya dafa gwiwar hannuna ya ce: "Malam, sassauta. Idan ka mai da ita baya, dakata kaɗan igiyar ta miƙe tukuna, sannan ka kawo ta gaba. Sandar ce za ta yi aikin, ba kafaɗarka ba." Wannan ɗan dakatawar shi ne asirin jifan gaba ɗaya, kuma wanda bai koye shi ba zai riƙa jin ƙarshen zaren yana ƙara a bayansa, ya duba ya tarar ƙwaron ya tsinke ya tafi. Mai rumfar bai bar kowa ya biya kuɗi ba sai da ya ga ulun nan ya sauka kusa da faifai, ko da kuwa ana jiran sa a gaban rumfa. Ban saba ganin ɗan kasuwa ya jinkirta cinikinsa don mai saye ya koyi amfani da kaya ba, kuma hakan ya sa na amince da shi.

Sandar da ke cikin saitin mai lamba 5 ce, tsawonta ƙafa 9, wato mita 2.7 da ɗan ɗoriya, an yi ta da zaren kabon, tana rabuwa gida 4 ta shiga kube wanda mutum zai iya ratayawa ya hau kabu-kabu ba tare da ta dame shi ba. Ba ta da nauyi, gaɓoɓinta suna shiga juna daram ba sa juyawa, zobban da igiya take bi a ciki an ɗaure su da kyau, kuma har yanzu babu wanda ya yi tsatsa ko ya girgiza. Ita ce mafi inganci a cikin kayan, kuma da ita kaɗai aka sayar da na ce kuɗina bai tafi a banza ba. Kwarkwaron naɗe igiya kuwa bai kai ta ba. Gefensa a buɗe yake, ƙurar hunturu tana shiga cikinsa ta sa shi gurzawa, sai an riƙa kwance shi ana gogewa. Da yake ƙananan kifi da hannu ake jan igiyarsu, aikinsa bai wuce ajiye igiya ba, don haka aibin bai hana su ba.

Igiyar ta fi ba ni damuwa. A lokacin sanyi tana gudu a cikin zobba ba tare da tangarɗa ba, amma da zafi ya shigo, lokacin da ma'aunin zafi a Maraɗi yake haura digiri 40, rufin robar da ke jikinta ya yi laushi, tana manne wa zobba tana kuma cukurkuɗewa a ƙasa. Dalili shi ne an yi ta ne domin ƙasashen sanyi. Akwai igiyar da ake yi musamman domin wurare masu zafi, mai taurin ciki, wadda ba ta saki a rana, kuma ita ya kamata a kawo mana. Mai rumfar bai ambaci wannan bambanci ba ranar ciniki, ga shi kuma babu shagon da na samu a gari mai sayar da irin wannan igiya, ballantana siririn zaren da ke gabanta wanda yake gajarcewa duk lokacin da aka canja ƙwaro. Zaren ana iya maye gurbinsa ta hanyar ƙulla nailan na kasuwa mai kauri daban-daban, daga kakkaura zuwa siriri, kuma haka na yi. Igiyar ce ba ta da madadi a nan.

Babbar matsalar tana cikin akwatin ƙwari. Ƙwarin da aka jera a ciki kyawawa ne, an ɗaura su da gwaninta, amma yawancinsu an yi su ne domin kifayen ƙoramu masu sanyi da garai na Turai da Amurka, waɗanda suke tasowa su ɗauki ƙwaro a saman ruwa. Tabkin Madarumfa, wanda yake kudu da Maraɗi yana samun ruwansa daga Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi, ba shi da zurfi sosai, ƙasansa laka ce, kuma bayan damina ruwansa yakan daɗe a gurɓace. Tarwaɗa a ƙasa take kiwo, da gashin bakinta da ƙanshi take gane abinci, saboda haka busasshen gashin da ke yawo a saman ruwa ba ya gabanta. Giwan ruwa yana bin abin da ya yi kama da ƙaramin kifi, amma sanda mai lamba 5 ba ta isa ta riƙe babbansa ba, ana bukatar wadda ta kai lamba 10 ko fiye. Abin da ya rage shi ne karfasa, wadda yawancin abincinta gansakuka ce da ƙananan halittun ruwa, amma takan ɗauki ƙaramin ƙwaro mai duhu wanda yake nutsewa a hankali kusa da ciyawa, musamman da sassafe kafin iska ta tashi. Irin wannan ƙwaron kaɗan ne a cikin akwatin, kuma da su na kama duk abin da na kama.

Wani dattijon masunci da ke gyaran ragarsa a gindin gawo ya daɗe yana kallon jifana, daga bisani ya karɓi ƙwaro ɗaya ya jujjuya shi a tafin hannu ya ce: "Ɗana, wannan aikin hannu ne mai kyau, amma ba zai ciyar da gida ba." Na ce masa: "Gaskiya ne, Baba." Abin da birgi zai kwaso a jifa ɗaya mai sa'a, wannan fatsa za ta iya wuni ba ta kawo shi ba. Kuɗin saitin kuma ya isa masunci ya sabunta ragarsa ya samu saura. Ina ganin haƙƙi ne a kan duk mai sayar da waɗannan kaya a yankinmu ya faɗa wa mai saye wannan magana ƙarara, domin na ga masunta na sana'a a gaban rumfar suna tambayar farashi da zaton wata sabuwar dabara ce ta ƙara yawan kamu.

Duk da haka maganar dattijon ta farko ita ce ta fi amfani, wato cewa aikin hannu ne. Tun zamanin da ake wannan sana'a da gashin kaji. Wani marubucin daular Rum mai suna Eliyanus ya rubuta, wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, cewa mutanen Masedoniya suna naɗa jan ulu a jikin ƙugiya su haɗa da gashin zakara biyu su kama kifi da shi. Har yau masu ɗaura ƙwari a Turai suna sayen gashin zabo mai ɗigo-ɗigo a ƙananan ledoji, alhali a nan ana fige zabo a watsar da gashin a bola. Na ɗauki ƙaramar ƙugiya ta kasuwa, na naɗa mata baƙin zaren ɗinki ya zama jiki, na ƙara siririyar wayar tagulla daga tsohuwar wayar lantarki don ta nutse, na kewaye wuyanta da gashin ƙirjin zabo guda ɗaya. A cikin ruwa gashin yana buɗewa yana rufewa kamar ƙafafun ƙwaro mai rai, kuma karfasa ta fi ɗaukarsa a kan waɗanda aka shigo da su. A garin da yake da dukawa da masu ɗinkin hula da suka saba da aikin zare mai ƙanƙanta, babu dalilin da zai sa a riƙa shigo da ƙwari daga ƙasashen waje.

Akwai abubuwan kiyayewa da rumfar ba ta ambata ba. Ƙugiyar tana wucewa kusa da fuska a kowane jifa, kuma iskar hunturu tana iya karkato ta, don haka tabarau da hula wajibi ne, yana da kyau kuma a danne kunnen ƙugiya don ta fita da sauƙi idan ta kama fata. Jifan yana bukatar fili a bayan mutum daidai da tsawon da zai jefa a gaba, saboda haka a nisanci wurin wanki da shayar da dabbobi. Tsayuwa a cikin ruwan tabki na tsawon lokaci tana jawo tsargiya, gara a yi jifa daga gaɓa ko daga kwale-kwale. Kafin a jefa ƙugiya kuma, a gaida sarkin ruwa a nemi izininsa, a kuma tambayi jami'an ruwa da dazuzzuka abin da doka ta tanada.

Wanda yake neman abin da zai fitar da shi bakin ruwa ranar hutu, yana da haƙurin koyon jifa a fili kafin ya je tabki, zai ji daɗin wannan sanda, kuma ina ba shi shawara ya nemi a sayar masa da ita ba tare da akwatin ƙwari ba. Ga mai rumfar kuma, idan zai dawo baɗi, abin da muke bukata shi ne igiyar ƙasashen zafi, da sanda mai lamba 8 ko 10 domin manyan kifi, da ƙaramar matsar da ake kafa ƙugiya a kai lokacin ɗaura gashi, tare da mutum ɗaya da zai zauna a gaban rumfa yana ɗaura ƙwari da gashin zabo a idon jama'a.