Wace Linux Za Ka Ɗora Idan Ba Ka Son a Riƙa Bibiyar Ka?

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, masu tsofaffin kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi karɓa suka fara waiwayen Linux, wata babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Da yawansu suna zuwa da zaton cewa tunda manhaja ce mai buɗaɗɗen tushe, ai ba ta aika labarin kowa ko'ina. Ba haka abin yake ba. Buɗaɗɗen tushe ya ba masana damar karanta yadda aka rubuta manhajar su ga abin da take yi, amma bai ɗaure hannun masu ita ba. Linux kuma iri-iri ce, kowace da masu haɗa ta da irin halinsu.

Ma'aunina guda ne: kafin a ɗauki bayani daga kwamfutata, an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba? Baƙon da ya yi sallama ya tsaya a zaure har aka amsa masa daban yake da wanda ya kutsa tsakar gida ya ce in ba a son sa a faɗa masa ya fita. Masu tattara bayanai sun san yawancin mutane ba sa taɓa saiti, shi ya sa suke son abin ya zo a kunne.

Ubuntu za a fara nuna maka, domin ta fi suna, kuma ita ce ta fara ɓata wa mutane rai. A 2012, a fitowar 12.10, duk abin da mutum ya rubuta a akwatin bincike na fuskar kwamfuta, ko da sunan takardarsa yake nema, sai ya bi ta na'urorin Canonical, kamfanin da ke yin Ubuntu, a dawo masa da tallan kayan Amazon. Ƙungiyar Electronic Frontier Foundation ta Amurka ta yi tir da abin, Richard Stallman, jagoran masu fafutukar 'yancin manhaja, ya kira shi leƙen asiri ƙarara. Sai a 2016 aka kashe shi. A 2018 kuma suka kawo wani rahoto da ke aika siffar na'urarka, kuma amincewa ce ke zuwa a zaɓe sai in kai ka cire. Gaskiya suna nuna maka abin da rahoton ya ƙunsa, ba sunanka a ciki. Amma dai kai ake jira ka ƙi.

Fedora, wadda kamfanin Red Hat ke ɗaukar nauyi, ta kawo shawarar tattara bayanai a kunne a Yulin 2023. Jama'a suka yi ca, aka janye, aka dawo da shawarar neman izini tukuna. Manjaro ta kawo makamanciyar wannan shawara a ƙarshen 2024, ban ƙara waiwayar ta ba. Zorin OS tana ƙidayar masu amfani da ita sai in ka hana lokacin ɗorawa. Linux Mint ba ta da irin wannan rahoton, kuma ta fi sauƙi ga sabon shiga. Ita ce ta biyu a wurina.

Ta farko Debian ce, kuma ba na ɓoye son da nake yi mata. Ian Murdock ya kafa ta a 1993, kuma har yau babu kamfanin da ya mallake ta. 'Yan sa-kai ne daga ƙasashe da dama, suna zaɓen shugabansu duk shekara, suna da rubutacciyar yarjejeniya da jama'a tun 1997, wadda a cikinta suka yi alkawarin ba za su ɓoye matsaloli ba. Babu sashen talla da zai zo yana neman alƙaluma don ya faranta wa masu zuba jari. Wannan kaɗai ya kawar da babban dalilin da ke sa a fara bibiyar mutane.

Ba wai Debian ba ta son sanin komai ba. Tana da wata 'yar manhaja mai suna popularity-contest, wadda ke aika jerin manhajojin da ka ɗora da waɗanda ka yi aiki da su kwanan nan, sau ɗaya a mako. Abin da ya saye ni shi ne yadda take nema. Ana cikin ɗorawa za ta tsaya ta yi maka bayanin abin da za a aika da amfaninsa, ta tambaye ka, kuma amsar da ke zaɓe ita ce a'a. In ka danna ci gaba ba tare da ka karanta ba, ba za a aika komai ba. Alƙaluman da aka tara kuma a fili suke a shafinsu, kowa na iya dubawa. Ni da kaina na amsa da e, domin an girmama ni an tambaye ni.

Tana da nata nauyin. Sabuwar fitowa tana zuwa ne kusan duk shekara biyu, don haka manhajojinta ba sabbi fil ba ne. Da can kama waya-fai a kanta wahala ne, amma tun Debian 12 ta Yunin 2023 aka sa ƙananan manhajojin da sassan na'ura ke buƙata don su yi aiki cikin faifan ɗorawa. Mai tsohuwar na'ura ƙwarai ta 32-bit ya sani cewa Debian 13, wadda ta fito a Agustan 2025, ba ta da faifan ɗorawa dominsa. Kuma tsabtar babbar manhaja ba ta wanke duk abin da ka ɗora a kanta ba: a 2025 ɗin aka gano ƙamus na StarDict da ke rumbun manhajojin Debian yana aika kalmomin da mutum ya zaɓa da linzami zuwa wasu shafukan ƙamus na Sin. Ba ya zuwa a ɗore, amma darasi ne. Burauza ma ka shiga saitinta ka kashe aika bayanai.

Yanzu ga abin da ya fi duk wannan damu na: wa ya ɗora maka, kuma daga ina ya samo? Na taɓa karɓo kwamfutata daga wani shagon gyara na tarar da asusun shugaba na biyu, wato mai cikakken iko a kan na'urar, wanda ba ni na buɗe ba, da manhajar sarrafa na'ura daga nesa tana tashi duk lokacin da na kunna. Hotunan iyalina da takardun aikina duk suna ciki. Rahoton Ubuntu bai kai ƙurar wannan ba. Tun daga ranar ba wanda ke ɗora mini babbar manhaja a bayan idona.

Kada ka karɓi filashin da aka ce "akwai komai a ciki". Kada ka sauke daga zauren Telegram ko WhatsApp, ko wani shafi mai cewa ya gyara Linux ta yi kama da Windows, ta zo da manhajojin kuɗi kyauta. Wanda ya iya saka maka waɗannan ya iya saka abin da ba ka gani. Har shafin asali ma ana iya cin amanarsa: ranar 20 ga Fabrairun 2016 aka kutsa shafin Linux Mint aka mayar da mahaɗin saukewa kan gurɓataccen faifan 17.3 Cinnamon mai ƙofar baya, wadda ke bai wa ɓarawon damar sarrafa kwamfutar. Shi ya sa bayan saukewa dole ka gwada lambar SHA256 ta faifanka, wato lambar da ke sauyawa in an taɓa komai a cikinsa, da wadda masu ita suka wallafa, ka kuma tantance sa hannunsu na GPG, wato hatimin dijital da ke tabbatar da cewa lambar daga gare su take, domin wanda ya iya sauya mahaɗi zai iya sauya lambar da ke gefensa.

Bayan ɗorawa ma ba a gama ba. A 2024 an kama jabun manhajojin lalitar kuɗin kirifto a Snap, kantin manhajoji na Canonical, suna tambayar mutum kalmomin sirrinsa su kwashe abin da ke ciki. Ka tsaya a rumbun manhajojin da ya zo da tsarinka, kada ka kwafo umarnin da ba ka fahimta ba daga bidiyo ka liƙa da ikon shugaba.

In kwamfutar ta hannu ce ka saya, ko ta zo da Linux a ɗore, ka share ta gaba ɗaya ka sake ɗorawa, ka kunna rufe faifai da kalmar sirri a lokacin. In dole sai mai gyara ya taimaka, ka je da filashinka, ka zauna kusa da shi, ka rubuta kalmar sirrin da hannunka, sannan ka duba jerin asusun da ke kan na'urar kafin ka biya shi.