Na biya kuɗin kai saƙo har ƙofar gida, kayan suka tsaya a Kano

Idan wanda za ka aika wa kaya yana cikin birnin Kano ko Kaduna ko Abuja, a layi mai suna da gida mai lamba, wannan kamfanin kai saƙon zai yi maka aiki mai kyau, ba ni da ja a kan haka. Idan kuwa mahaifiyarka tana ƙauye irin namu, ka tsaya ka ji yadda muka kwashe da su kafin ka zaro kuɗinka. Ba zan kama sunansu ba, domin 'yan uwa da dama a nan Legas sun ba ni labarin wasu kamfanonin, na ga duk kanwar ja ce.

Ina neman abincina a kasuwar Mile 12. Inna kuma tana gida, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta jihar Jigawa, can wajen fadamar Baturiya. Likita ya ce a riƙa auna mata jini a gida safe da yamma, a rubuta a takarda, a kawo masa idan ranar komawa asibiti ta zo. Na sayi na'urar awon hawan jini, na haɗa da fitilar sola da batura. A al'ada direbobin da ke kawo mana tattasai da albasa daga Arewa muke ba saƙo, amma direba ba ya tashi sai ya sami lodin komawa, kuma ina tsoron a danne mini na'urar a ƙarƙashin kaya. Shi ya sa na nufi kamfani, saboda rasit da lambar bin diddigi.

A ofishinsu ban ga abin kushewa ba. Sun buɗe kayan a gabana, sun naɗe na'urar da leda mai kumfa, sun sa a kwali sun liƙe da salatif, sun ɗora a sikeli. Ma'aikaciyar tana da fara'a. Matsalar ta fara ne daga fom ɗin adireshi: sunan titi, lambar gida, da lambar gidan waya mai alƙaluma shida. Na ce mata gidanmu ba shi da lamba, garinmu ba shi da titi mai suna, amma zan kwatanta mata yadda ko baƙo ba zai ɓata ba. Ta ce kwamfutarsu ba ta da gurbin kwatance. Ta rubuta Haɗejia, ta sa lambar wayar Inna, shi ke nan. Na sake jaddada mata cewa daga Haɗejia akwai sauran tafiya, har da hanyar burji. Ta ce babu komai, ai suna kai wa ko'ina a Najeriya. Farashi biyu ta nuna mini, na zuwa a karɓa a ofis da na kai wa har gida. Na biya na biyun, mai tsadar.

Daga Legas zuwa Kano kayan sun yi saurin da ya burge ni. Duk inda suka sauka saƙo yana shigowa wayata. Daga Kano ne labari ya canja. Na ga an rubuta cewa an fita kai kaya, da yamma kuma aka rubuta cewa ba a sami mai karɓa ba. Hankalina ya tashi, na ɗauka wani abu ne ya sami Inna. Na kira gida, aka ce tana nan zaune a tsakar gida tun safe, babu motar da ta shigo gari ban da ta masu sayen kifi.

Abin da suke kira yunƙurin kai kaya ashe kiran waya ne daga Kano. Duk wanda ya san ƙauye ya san halin da waya take ciki. Ta Inna a kan katangar bayan ɗaki ake ajiye ta, a jingine da bulo, don nan ne kaɗai sabis ke kamawa sosai. Idan caji ya ƙare sai an kai wa mai caji a bakin kasuwa, ta wuni a can. Ga shi mu da kanmu muka yi ta gargaɗinta kada ta ɗaga lambar da ba ta sani ba, saboda 'yan damfarar da ke kiran tsofaffi suna neman lambar BVN. Ranar da 'yar yayana ta ɗaga, abin da aka gaya mata shi ne, “Ki faɗa wa Mama ta zo ofishinmu na Kano da katin shaida ta karɓi kayanta.” Tsohuwar da saboda ciwonta aka sayi na'urar, ita ake so ta hau babur zuwa bakin titi, ta shiga mota zuwa Haɗejia, ta sake shiga wata ta yi awanni kafin Kano.

Layin sauraron koke shi ya fi ɓata mini rai. Ka kira, a sa maka kiɗa katinka yana ƙonewa, wanda ya ɗauka yau ba shi ne na jiya ba, sai ka faro labarin daga tushe. Kowa ya ce ya tura maganar gaba. Gaskiya ɗaya da na ji daga bakin yaron da ke raba musu kaya a Kano ta fito, bayan na samo lambarsa daga wayar Inna. Ya ce, “Wallahi Alhaji, ba zan ɓoye maka ba. Motarmu ba ta zuwa Haɗejia sai kaya sun taru, kuma ko ta je ba ta wuce cikin gari. Ni a kan kowane kwali ake biyana. In na ce zan kai naka, kuɗin man ma ba zai fita ba.”

Ban ga laifin yaron ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma, kuma babu mai hankalin da zai ƙona lita da yawa saboda kwali ɗaya. Laifin na wanda ya tsara farashin ne. Kamfanin ya san iyakar inda motarsa take tsayawa tun kafin in shiga ofishinsa. Da sun ce mini, Malam, mu Kano muke tsayawa, da na gode musu na san dabarar da zan yi. Karɓar kuɗin aikin da ka san ba za ka yi ba cin amana ne, ko da an buga shi a rasit mai kyau.

Sannan ina so in tsaya a kan maganar da suka yi ta maimaita mini, wai adireshin bai cika ba. Ƙauye yana da adireshi, cikakke ma kuwa. Akwai sunan gari, akwai unguwa, akwai mai unguwa da dagaci, akwai sunan mai gida da sana'arsa. Ka tsaya a bakin masallacin Juma'a ka tambayi yaro ɗan shekara bakwai gidan wane, zai riƙe hannunka har zaure. Hukumar zaɓe da kanta haka take sanya wa rumfuna suna, ƙofar fada, ƙofar gidan mai unguwa, makarantar firamare, kuma akwatin zaɓe bai taɓa kasa zuwa ba. Masu allurar foliyo suna bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, har rugagen Fulani, suna rubutu da alli a jikin bango don a san an shiga. Tun muna yara wasiƙa tana zuwa garinmu ta hannun hedimasta, daga akwatin gidan waya na makaranta, a kira yaro a aji a ce kai wa babanka. A 2017 ma hukumar gidan waya ta ƙasa, NIPOST, ta karɓi tsarin what3words, wanda ya yanka ƙasa zuwa murabba'ai masu mita uku-uku, kowane da alamarsa. Fom ɗin da aka ba ni ba shi da gurbin wannan, ba shi da gurbin taswirar da ake turawa ta WhatsApp, ba shi ma da gurbin lambar waya ta biyu. Wanda ya zana shi bai taɓa sa mutanen karkara a ransa ba, alhali su ne suka fi kowa buƙatar a kai musu, tunda ba su da kantin da za su shiga su saya.

Na san yankinmu yana da wuyar shiga a wani lokaci. Daga Agusta zuwa Satumba, idan kogin Haɗejia ya cika, akwai garuruwan da sai da kwalekwale, kuma ambaliyar 2022 ta yanke hanyoyi da dama a Jigawa. Da a lokacin ne da na yi musu uzuri. Wannan kuwa da hunturu ne, hanya a bushe ƙarau.

Da suka turo saƙon cewa za su mayar da kayan Legas idan ba a zo ba, har da batun kuɗin ajiya, sai na tashi ƙanena da ke koyon ɗinki a Kano. Nan ma sai da na tura hoton katina da takardar izini kafin su ba shi. Ya ɗauki kwalin ya kai tashar 'Yankaba. Ɗan kamasho ya rubuta lambar waya da alƙalami a jikin kwalin, ya kira direba ya ce saƙon asibiti ne, a sa a gaba. Ƙanena ya karanto mini lambar motar. Kafin magariba direban ya miƙa wa wani ɗan acaɓan garinmu a Haɗejia, bayan isha'i Inna ta kira ni tana sa albarka. Abin da aka kashe daga Kano zuwa gida bai kai ƙarin da na biya kamfanin ba. Kwalin ya ɗan lotsa a gefe, ya sha ƙura, amma na'urar lafiya lau, kuma a nan naɗin da suka yi mata tun a Legas ya yi rana.

Ba ina cewa tasha ba ta da aibi ba. Babu rasit, babu inshora, idan kaya ya ɓata sai dai a ba ka haƙuri, shi ya sa tun farko na guje ta. Abin da ke damuna shi ne kamfanin yana da abin da tasha ba ta da shi, tasha tana da abin da kamfanin ba shi da shi, kuma babu wanda ya haɗa su. A yau da wuya ka sami gari mai kasuwa da babu mai POS ko mai kemis da kowa ya sani. Me zai hana a yi yarjejeniya da irinsu, direban tasha ya sauke musu kaya, su kira mai shi da Hausa, ya sa hannu, a ba su ɗan lada? Ni da kaina zan biya wannan ladan da daɗin rai. A tsawon jiran da muka yi, sai da aka riƙa goya Inna a babur cikin sanyin safiya zuwa kemis don a auna ta, abin da aka sayi na'urar don a huta da shi.

Na rubuta musu ina neman a dawo mini da bambancin kuɗin da ke tsakanin karɓa a ofis da kai wa gida, tunda a ofis aka karɓa. Sun amsa cikin ladabi, sun ce ba sa mayar da kuɗi, sai dai su yi mini ragi a aike na gaba. Na sake rubutawa na ce kuɗina nake so, na haɗa da hoton rasit da na saƙon da suka ce ba a sami mai karɓa ba, kuma har yau ina jiran amsar wannan.