Sharhi: cin abincin dare a gidajen mutanen Sofiya, da hirar zamanin gurguzu

Cikin abubuwan da ake tallata wa matafiyi a Bulgeriya akwai cin abincin dare a gidan wani iyali. Za ka biya ta intanet ko ta hannun kamfanin yawon buɗe ido, a ba ka adireshi, ka je wajen ƙarfe bakwai na yamma, a ci, a sha, a yi hira har goma ko fiye. Yawanci baƙi ba sa wuce shida zuwa takwas, domin teburin falon ba zai ɗauki fiye da haka ba. Hukuncina tun daga farko shi ne abin ya cancanci kuɗinsa, amma da sharaɗi biyu: gidan ya kasance na gaske wanda ake kwana a cikinsa, kuma a teburin a sami wanda ya yi wayo kafin 1989, shekarar da mulkin gurguzu ya faɗi a ƙasar. Idan babu ɗaya daga cikin biyun nan, gara ka tafi gidan abinci, ya fi araha.

A fara da neman gidan, domin nan mutane suke fara shan wahala. Masu karɓar baƙi da yawa a Sofiya, babban birnin ƙasar, suna zaune ne a unguwannin dogayen benaye da gwamnatin gurguzu ta gina da allunan kankare, irin su Mladost, Lyulin, Druzhba da Nadezhda. Adireshin waɗannan wurare sau da yawa ba shi da sunan titi. Abin da za a ba ka shi ne sunan unguwa, lambar bene, harafin ƙofar shiga, hawa, sannan lambar gida. Haruffan ƙofa na rubutunsu ne, kuma wanda ya yi kama da B na boko shi ne na uku a jerinsu, ba na biyu ba. Lambobin benayen ma ba a jere suke ba. Maganin abin shi ne ka roƙi mai gida ya turo maka hoton ƙofar da alamar wurin a taswirar waya, ko ya tare ka a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kada matakala mai duhu da tsohuwar lifta su karya maka gwiwa. Waje na kowa ne, shi ya sa aka yi masa riƙon sakainar kashi, amma cikin gida tsaf yake. A bakin ƙofa ake cire takalmi, a miƙo maka silifas. In za ka riƙe furanni, su zama uku, biyar ko bakwai, domin adadin da ke rabuwa biyu daidai na jana'iza ne. Kwalin cakulan ya fi sauƙi.

Ga Musulmi, maganar da ta fi kowace muhimmanci ita ce alade da giya, kuma dole a gama ta a rubuce kwana biyu ko uku kafin ranar. Cewa "ba na cin alade" kaɗai bai isa ba. Niƙaƙƙen naman da ake sayarwa a shagunansu galibi haɗin alade ne da sa, kuma da shi ake yin musaka, da kyufte, da kebapche, da kabejin da ake naɗe wa shinkafa. Mai gida zai iya kiransa naman sa da zuciya ɗaya, don bai taɓa damuwa da karanta takardar ba. Busasshen naman lukanka da ake yankawa a fara da shi na alade ne. Wasu tsofaffi suna suya da kitsen alade, wasu kuma suna zuba giyar inabi a kabarma, wata dahuwar nama da albasa. Hanya mafi tsafta ita ce ka nemi a yi maka abincin da suke kira postno, wato irin na azumin cocin Otodoks, wanda babu nama a cikinsa ko kaɗan, sai ka ƙara da cewa kana cin cuku, ƙwai da nono, kuma kada a sa giya a tukunya. Kowace uwar gida a Bulgeriya ta san wannan girki, domin da shi ake cika tebur a daren jajibirin Kirsimeti. In kuwa lallai sai da nama, akwai mahautan halal a kewayen kasuwar Zhenski Pazar, ba nisa da masallacin Banya Bashi. Ka nemi a sayo a can, ka biya bambancin kuɗin.

Giyar rakiya kuwa za a kawo ta tebur, domin da ita suke buɗe cin abinci, kuma sau da yawa wani kawu ne a ƙauye ya dafa ta daga inabi ko fulam, don haka suna alfahari da ita. Mai gida na kirki ba ya nacewa idan an sanar da shi tun da wuri. Zai ajiye maka ayran, nonon da aka tsinka da ruwa, ko kompot, wato ruwan dafaffun 'ya'yan itace. Amma ka sani sauran baƙi za su sha a gabanka. Wanda ba ya son zama a irin wannan tebur, ya nemi zama na shi da iyalinsa kaɗai. Boza, abin sha mai kauri na hatsi, ana tsima ta ne kuma tana da ɗan burbushin barasa, kowa ya yi wa kansa hukunci. Sannan a kula da kai: a al'adarsu kaɗa kai gefe da gefe na iya nufin "i", gyaɗa shi kuma "a'a". Ka faɗi da baki, da ko ne, kada a cika maka kofi bisa kuskure.

Abincin da kansa ba na yaji ba ne. Mai neman attaruhu ya nemi a gasa masa ɗan barkono a gefe. Ƙarfinsa yana cikin nono, cuku, tattasai da tumatir.

Ana farawa da salatin shopska: tumatir, kokwamba, albasa, gasasshen tattasai, man sanfulawa, sannan a goga farin cukun sirene a kai har ya rufe komai. Cukun a ruwan gishiri ake ajiye shi, don haka wanda ya barbaɗa gishiri kafin ya ɗanɗana ya ɓata wa kansa. Mai gida da ya san tarihi zai gaya maka cewa wannan salati ba tsohon gadon kakanni ba ne. Kamfanin yawon buɗe ido na gwamnati, Balkantourist, shi ya yaɗa shi a otal-otal ɗinsa bayan yaƙin duniya na biyu, har ya zama tambarin ƙasa. Ana daɗewa a kan salatin nan, awa guda ba komai ba ne. Baƙon da ya share farantinsa cikin minti biyar yana jiran na gaba zai gaji da jira, in kuma ya cika ciki da burodi, babban abinci zai zo ba shi da wuri.

Da bazara sai tarator, miyar sanyi. Nononsu, kiselo mlyako, ɗan'uwan kindirmo ne mai tsami da kauri, kuma ƙwayar halittar da ke sa shi tsami wani ɗalibin likitanci ɗan ƙasar, Stamen Grigorov, ya gano ta a Geneva a 1905. Ga gwargwadon mutum uku: nono giram 500, kokwamba babba ɗaya, tafarnuwa sala biyu, cokali biyu na mai, ganyen dil, dakakkiyar gyaɗar bishiya ta orehi cikin tafi, gishiri, da ruwan sanyi kamar kofi ɗaya da rabi. Ana buga nonon shi kaɗai har ya yi sumul kafin a zuba ruwa, in ba haka ba zai yi gudaji. Kokwamba kuma yanka ta ake yi ƙanana da wuƙa. Idan aka goga ta, ruwanta zai fita, miyar ta tsinke.

Banitsa ita ce ma'aunin da nake auna gida da shi. Masu karɓar baƙi da yawa suna barin baƙo ya sa hannu a yinta, kuma wannan ya fi kowane bayani. Ana haɗa ƙwai huɗu, sirene giram 300 da aka marmasa da hannu, da nono kamar giram 200 wanda aka kaɗa wa rabin ƙaramin cokali na bekin soda har ya yi kumfa. A shimfiɗa fallen ƙullu mai siriri kamar takarda, a shafa mai ko man shanu, a yayyafa haɗin, a naɗe sako-sako, a murɗa shi a tire daga tsakiya zuwa baki. Gashi a zafin digiri 180 na kusan minti 40. Da an fito da ita sai a yayyafa ɗan ruwa, a rufe da tawul minti goma. Matsalolinta sanannu ne: naɗi mai tsauri yana barin tsakiya ɗanye, fallen da aka bari a buɗe yana bushewa ya karye, tsallake tawul kuma yana sa sama ta yi ƙarau. Idan aka kawo maka banitsa mai siffar ta gidan burodi, an ɗumama ta kawai, to ka san irin gidan da ka shiga.

Babban abinci mara nama yakan zama miyar wake da na'a-na'a a tukunyar ƙasa, ko tattasai da aka cusa wa shinkafa, ko mishmash na ƙwai da tattasai da cuku. Duk suna ƙosarwa. Kayan zaki ba su cika burge ni ba, ban da tikbenik na kabewa da kirfa.

Inda kuɗinka yake fita da gaske shi ne lokacin da aka buɗe kwalba. Ka nemi a nuna maka ajiyar hunturu. Kusan kowane gida a benayen nan yana da ɗan ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, cike da kwalaben lyutenitsa, jiƙaƙƙun kayan lambu, kompot, wani lokaci da durom na kabeji mai tsami. Lyutenitsa niƙaƙƙen gasasshen tattasai ne da tumatir da ake dafawa awanni ana juyawa har ya yi kauri, a shafa a burodi. Suna da wata ƙaramar na'urar lantarki, chushkopek, mai rami a tsakiya, wadda aikinta kawai gasa tattasai. A watan Satumba ƙamshinsa yake cika barandar benaye. Waɗannan kwalabe su ne bayanin yadda aka rayu. Tsarin gwamnati ya kwashe mutane daga ƙauye zuwa masana'antun birni, amma shago bai iya ciyar da su yadda ya kamata ba, musamman da hunturu. Sai kakanni suka ci gaba da noma 'yar gonar bayan gida, 'ya'ya suna zuwa ƙarshen mako a motar Lada ko Moskvich, su komo da but cike da kwalabe. Wannan ne ya sa Satumba da Oktoba suka fi kowane lokaci dacewa da irin wannan ziyara. A Fabrairu tumatirin ba shi da ɗanɗano, shopska ba ta da armashi.

Daga kwalba hira take zarcewa. Za ka ji yadda ayaba da lemo suke bayyana dab da sabuwar shekara kawai, da layin da ake shiga kafin a san me ake sayarwa, da jiran mota shekara da shekaru bayan an ajiye kuɗi, da shagunan Corecom inda sai da kuɗin waje ake sayen wandon jins da cakulan na Yamma. Za ka ji labarin ɗaliban da ake kwasa zuwa gonaki aikin girbi, da jan ƙyallen wuya na yaran makaranta, da ɗauke wuta bisa jadawali a tsakiyar shekarun 1980. Falon ma shaida ne: doguwar kabad da ta cinye bango guda, da kofunan gilashi da ba a taɓawa sai an yi baƙi. Baƙo daga Najeriya yana da abin da zai jefa a hirar, domin kamfanin gwamnatin Bulgeriya, Technoexportstroy, shi ya gina babban ɗakin wasannin ƙasa na Iganmu a Legas, wanda aka kammala a 1976, bisa fasalin wani zauren wasanni na birnin Varna. Tsofaffi suna jin daɗin wannan magana, wasunsu ma sun yi karatu tare da ɗaliban Afirka.

Sai dai ga inda nake da ƙorafi. Labarin tebur ɗaya labarin gida ɗaya ne. Tsohuwar da ta sami aiki tabbatacce, gida, asibiti kyauta da hutun bakin teku kowace shekara, sannan ta ga ajiyarta ta narke a hauhawar farashin 1996 zuwa 1997, za ta yi maka maganar zamanin Todor Zhivkov, shugaban gurguzu na ƙasar, da kewa, kuma ba ƙarya take yi ba. Amma a ƙarƙashin mulkin da ya faro a 1944 akwai sansanin fursunonin siyasa na Belene a wani tsibiri na kogin Danube, akwai 'yan leƙen asirin gwamnati da suke sa maƙwabci ya kai rahoton maƙwabci. A 1984 da 1985 an tilasta wa Turkawan ƙasar sauya sunayensu na Musulunci, aka hana magana da Turkanci a bainar jama'a, kuma a 1989 fiye da mutum 300,000 suka tsallaka Turkiyya. Wannan babi da wuya a ɗauko shi a teburin Sofiya sai ka tambaya. Ka tambaya, amma cikin ladabi, bayan an ci babban abinci, kuma da sigar "me iyalinku suka gani", ba sigar tuhuma ba. Wasu za su buɗe baki, wasu su kauce. Mai son jin ɗaya ɓangaren ya nemi irin wannan zama a yankin Kardzhali ko ƙauyukan tsaunukan Rodopi, inda Musulmi suke da yawa, kuma damuwar alade ta ragu sosai.

Ƙorafi na biyu harshe ne. Mutanen da suka ga zamanin gurguzu, Rashanci suka koya a makaranta, ba Turanci ba, don haka jika ko ɗiya ce take fassara. Idan mai fassarar ta gaji, jawabin kaka na minti uku sai ya dawo jimla ɗaya. Tambayoyi gajeru masu kama abu guda sun fi fitar da magana: nawa ne albashinki na farko, me ake samu a shagon unguwa ranar Asabar, shekara nawa kuka jira wannan gida. Roƙon a fito da kundin hotuna ma yana aiki ƙwarai.

Akwai kuma gidajen da aka mayar da su dandalin wasa, an jera hular soja, tutoci da hoton Lenin don a ɗauki hoto. Wanda kayan zamanin yake son gani, gidan tarihi na Red Flat a tsakiyar Sofiya ya tanadi gida sukutum na shekarun 1980, kuma ya fi kyau a je can da rana kafin cin abincin, don a zo da tambayoyi a hannu.

Kafin ka biya, ka tambayi abu huɗu: wa zai yi girkin, wa zai zauna a tebur kuma shekarunsa nawa, baƙi nawa ne a daren, kuma ana shan taba a cikin gida ko a baranda, domin shan taba ya yi yawa a ƙasar kuma falon ƙarami ne. Lokacin salla ma a lissafa shi: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Sofiya sai wajen ƙarfe tara, a watan Disamba kuwa wajen ƙarfe biyar take faɗuwa. Idan Magariba za ta same ka a can, ka faɗa tun a saƙon farko domin a share maka wuri a ɗaki. Komawa masauki kuma, jirgin ƙarƙashin ƙasa yana tsayawa wajen tsakar dare. In hira ta yi tsawo, ka bar mai gida ya kira maka tasi da kansa maimakon ka tare a titi.